Hunturu a Gindin Dutsen Kagoro: Mun San Sina'i, Ba Mu San Maƙwabta Ba

Kafin in shiga abin da ya kawo ni wannan fili, bari in fara da wani ɗan abin kunya da ya same mu a aji, domin shi ne mafarin zancen.

Wata rana a darasin fassara malaminmu ya rubuta wata kalmar Turanci a allo. Kalmar tana nufin irin gidan nan da wasu masu ibada daga cikin Kirista kan killace kansu a ciki, su bar aure, su bar neman dukiya, ba su da aiki sai addu'a da karatu da aikin hannu har ƙarshen rayuwarsu. Ya ce kowa ya kawo Hausarta. Wani ya ce coci. Wani ya ce gidan mishan. Wata ta ce gidan fada, aka tuntsire da dariya domin wasu sun ɗauka fadar sarki take nufi. Can sai wani da ya yi karatun zaure ya ce gidan ruhubanawa, wato masu zuhudu. Malam ya gyaɗa kai, sannan ya jefo mana wata tambayar: wa ya taɓa ganin irin wannan gida da idonsa? Shiru. Ya ce to, a bar wannan, wa ya taɓa taka ƙafarsa, ko da harabar ce, a wani tsohon wurin ibada ko makarantar addini ta waɗanda ba addininsu ɗaya ba? Nan ma shiru, kamar ruwa ya ci mu.

Wannan shirun ya fi damuna fiye da kowa, domin ni mutumin Kauru ne. Na tashi ina cin kasuwa ɗaya da Kurama da Chawai da Surubu da Kono da Rumaya da Binawa, da yawansu Kirista ne, kuma da Hausa muke ciniki da su, da ita muke gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Tun ina yaro na san labarin Bahira, mai zuhudun nan na Busra a ƙasar Sham da ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yaro cikin ayarin Abu Ɗalib. Na san Dutsen Sina'i inda Allah ya yi magana da Annabi Musa. Duk waɗannan wurare masu nisa suna nan a kaina. Amma wuraren da maƙwabtana ke ɗauka da daraja, waɗanda motar haya ke kai mutum cikin rabin yini, ban san ko launin ƙofarsu ba. Abin da nake son in ce a wannan rubutu shi ne, wannan jahilci ne, kuma jahilcin da ya fi muni ga ɗalibin Hausa fiye da kowane ɗalibi a jami'a.

Abokin ɗakina mutumin Kagoro ne. Da na ba shi labarin abin da ya faru a aji sai ya ce in ina so in zo garinsu a hutun ƙarshen shekara. A ƙarshen Disambar 2024 na shirya. Da na shaida wa mahaifiyata sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni.

"Kagoro? Ɗan nan, me ka ajiye a Kagoro?"

Na ce, "Inna, ziyara ce kawai, kwana biyu in dawo."

Ta ce, "Ziyara a wannan zamani? Ka bari Babanku ya dawo daga masallaci."

Ba zan yi wa tsoron Inna dariya ba, kuma kada mai karatu ya yi. Ta ga rikicin Kafanchan na Maris 1987 wanda ya taso daga Kwalejin Ilimi ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Ta ga na Zangon Kataf a 1992. Ta ga na bayan zaɓen 2011 da aka kashe ɗaruruwan mutane a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Baba ne ya raba gardama. Ya ce in tafi da rana, in dawo da rana, in sauka hannun iyayen yaron, kada kuma in bar sallata. Da waɗannan sharuɗɗa huɗu na fita.

Wanda bai taɓa bin hanyar kudancin Kaduna da hunturu ba, bai san wani ɓangare na kyawun ƙasar nan ba. Mun bi ta Saminaka muka gangara Samarun Kataf. Hazo ya rufe sararin sama, rana ta zama kamar faifan azurfa wanda mutum zai iya kallo ba tare da ya runtse ido ba. An gama girbi, gonaki sun zama kara da toka, mata na sussuka a bakin hanya, yara sun yi furu-furu suna jin ɗumi a gindin murhun mai ƙosai. Duwatsu kan ɓullo daga cikin hazo ɗaya bayan ɗaya, kamar raƙuman da suka durƙusa. Muna kusantar Kagoro sai na ga wani baƙin abu ya tokare gabas, na ɗauka hadari ne, har na fara mamakin hadari a watan Disamba. Ashe dutsen ne. Garin kwance yake a gindinsa kamar yaro a cinyar uwa.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya kada in ruɗi kowa. Abin da na je gani a Kagoro ba gidan ruhubanawa ba ne a ma'anar da malaminmu ya rubuta a allo. Tsohuwar makarantar horar da malaman addini ce ta cocin ECWA, kuma fastocin ECWA suna aure suna haihuwa kamar kowa. Gidajen zuhudu na ainihi a Nijeriya na 'yan Katolika ne, irin na Ewu a Jihar Edo wanda masu zuhudu daga ƙasar Ailan suka kafa a 1979, da na Awhum a Jihar Inugu wanda ke kusa da wani kogo da ruwa mai faɗowa daga dutse, da na Eruku a Jihar Kwara. Amma in ana neman tsohon wuri a yankinmu, wanda aka kafa a gindin dutse, inda mutane suka shafe kusan shekara casa'in suna barin gida da gona su zo su tsugunna don neman ilmin addininsu, to Kagoro ce ta fi kusa da wannan siffa. Mu da muka san almajiranci bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Tarihin wurin ya faro ne daga 1893, lokacin da wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani. Ba su kai labari ba. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, nan cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira ya koma, kuma shi ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM. Sai a 1902 suka samu kafa tasharsu ta farko a Pategi, a 1910 suka iso Kwoi, daga baya Kagoro. Tun cikin shekarun 1930 ake horar da masu wa'azi a Kagoro, kuma a 1954 majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA. To, ga inda maganar ta shafe mu: da wane harshe aka yi wannan aiki duka? Da Hausa. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi fice a cikinsa, wato kafin a buga littattafan gasar 1933 da muke haddace sunayensu don jarrabawa, kafin kuma a fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ɗalibi daga Jaba da ɗalibi daga Tangale da ɗalibi daga Gbagyi, in suka haɗu a aji ɗaya, ba su da harshen da ya haɗa su sai namu.

Da hantsi abokina ya zaga da ni harabar. Hutu ake yi, don haka wurin tsit yake, ba ka jin komai sai busassun ganyaye da iska ke ja a ƙasa da kukan kurciya. Tsofaffin gine-gine na nan a tsakanin sababbi, ga manyan itatuwa, ga dutsen a tsaye a bayansu kamar mai gadi. Irin shirun nan ne da na sani a zauren malaminmu na ilimi bayan sallar asuba, kafin almajirai su buɗe littattafai. Ban zaci zan same shi a can ba.

Daga nan ya kai ni gaishe da wani tsoho, ƙanen kakansa, wanda ya yi karatu a wurin tun yana saurayi, ya yi aikin wa'azi a ƙauyuka har ƙarfinsa ya ƙare. Mun same shi a ƙofar ɗaki yana shan hantsi, ya lulluɓa da bargo. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana? Yaya sanyi?"

Ya ce, "Sanyi lokacinsa ne, ɗana. Daga ina?"

Na ce daga Kauru. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ka sha hanya. Yaya ka baro mutanen gida? Yaya Sarki?"

Wallahi, 'yan'uwa, Hausar da ta fito daga bakin tsohon nan ta sa na ji kunyar tawa. Mun yi fiye da awa guda muna hira bai surka ko kalmar Turanci ɗaya ba, alhali ni da ke karatun digiri a kan harshen sai da na riƙa kama bakina. Ya nuna mini littafinsa na addini da ya tsufa har bango ya rabu, an ɗinke shi da zare, gefen shafuka cike da rubutun hannunsa da Hausa. Ya ce a zamaninsu in mutum yana da wata babbar damuwa, ko za a tura shi aiki wani gari mai nisa, yakan ɗauki gorar ruwa ya hau dutse shi kaɗai ya yini yana azumi da addu'a. Na ce, "Baba, ai mu wannan halwa muke ce mata." Ya ce, "To, ka ga ni ban san sunanta ba sai yau, amma na yi ta."

A wannan hira na tsinci abin da ya kamata a ce wani daga cikinmu ya rubuta kundin digiri a kansa. Akwai wata Hausa sukutum da ke raye a majami'un Arewa wadda ba ma jin ɗuriyarta a aji. Kalmomin namu ne, amma sun ɗauki wani kaya dabam. In suka ce sujada, suna nufin taron ibadar Lahadi gaba ɗayansa, ba sa goshi a ƙasa kawai ba. Baiko a wurinmu maganar aure ce, a wurinsu abin da ake sakawa a faranti ne lokacin ibada. Dattijo muƙami ne da ake zaɓen mutum a kai, ko da furfura ba ta fito masa ba. Zumunta ƙungiya ce, kamar ta matan nan masu anko da ke waƙa suna buga tulu. Ga bishara, ga majami'a, ga ikilisiya, ga zakka da suke nufin kashi ɗaya cikin goma. Yaya aka yi waɗannan kalmomi suka sauya ma'ana? Wa ya zaɓe su, a wace shekara, me ya sa aka ɗauki wannan aka bar waccan? Muna ta maimaita nazarin karin harshen Sakkwato da na Kano da na Katsina, shekara da shekaru, kundi bisa kundi, alhali miliyoyin mutane daga Kafanchan zuwa Jos zuwa Gombe zuwa Yola suna yin addu'a da waƙa da wa'azi da Hausar da ba mu taɓa ɗauka a rikoda ba.

Washegari da sassafe muka hau dutsen, ni da abokina da ƙanensa da mahaifinsu. Sanyin ya wuce wanda na sani a gida. Iska na shiga kunne kamar allura, leɓena ya tsage duk da man kaɗanyar da na shafa. Amma hunturu shi ne lokacin hawa: ciyawa ta bushe, duwatsu ba santsi, rafuka sun janye. Abin da kawai ya rage wa mutum shi ne hazo, domin da muka kai wani fage muka waiwaya, garin ya ɓace ƙarƙashin farin mayafi, sai rufin kwano ɗaya-ɗaya ke ƙyalli.

A wannan fage ne mahaifin abokina ya nuna mini wasu duwatsu da aka jera da hannu, da wani dutsen niƙa da ya lotsa saboda daɗewa ana aiki da shi. Ya ce nan kakanninsu suka zauna. Na tambaye shi, cikin wauta irin ta ɗan makaranta, me zai sa mutum ya bar fili mai ruwa da ƙasar noma ya zo ya zauna a wannan wuri mai wahala. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ɗana, doki ba ya hawa nan."

Na gane abin da yake nufi, kuma jikina ya yi sanyi fiye da na hunturun. A ƙarni na goma sha tara mahaya daga Zazzau da Jama'a sun riƙa kai hari yankin nan suna kama bayi, kuma duwatsu ne suka zama ganuwar waɗanda ba su da ganuwa. Garinmu Kauru yana cikin garuruwan da ke biyayya ga Zazzau a wancan zamani, kuma ƙabilun da ke kewaye da mu su ma duwatsu suka hau saboda dalili ɗaya. Mutanen Kagoro suna alfahari cewa ba a taɓa cin su da yaƙi ba sai da Bature ya zo da bindiga, kuma ko a zamanin mulkin mallaka sarautarsu a tsaye take da ƙafarta, ba a ƙarƙashin wani sarkin yanka ba. Marigayi Gwamna Awan ya riƙe ta tun daga 1945 har rasuwarsa a 2008. Wannan tarihi ba a faɗa mini shi a gida ba, ba a kuma koya mini shi a makaranta ba. Mutumin bai faɗe shi da ɗaci ba, har ma ya miƙo mini gyaɗa muna ci. Amma tun daga ranar, in na ji wani daga yankin yana magana da zafi a rediyo, nakan san daga inda zafin ya taso, ko da ban yarda da duk abin da yake faɗa ba.

Wani abin takaici kuma, Baturen nan Tremearne da muke ambata a darasin al'ada saboda littafinsa na 1913 kan camfe-camfen Hausawa, shi ne dai a 1912 ya fitar da wani littafi kan mutanen wannan yanki, da suna mai cike da raini. Shi ya taka ya je wurinmu, ya taka ya je wurinsu, ya rubuta abin da ya ga dama a kan kowa. Mu kuwa da muke jikokin waɗanda ya rubuta, har yau ta bakinsa muke jin labarin juna.

Azahar ta same mu a bisa. Na ɗan yi jim, sai ƙanen abokina, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya miƙo mini gorar ruwansa ya ce, "Yaya, ga ruwan alwala." Mahaifinsu ya dubi inda rana take ya nuna mini gabas, suka koma gefe suka yi shiru har na sallame. Ba wanda ya yi wani jawabi a kai, muka ci gaba da tafiya.

Wannan ya tuna mini da wancan dutsen da na ce na sani tun ina yaro. A gindin Dutsen Sina'i a ƙasar Masar akwai gidan ruhubanawa da ake kira da sunan Katarina, wanda Sarkin Rum Jastiniyan ya sa aka gina tsakanin shekarar 548 da 565, wato kafin haihuwar Manzon Allah. Har yau akwai masu zuhudu a cikinsa, kuma yana cikin gidajen zuhudu mafiya daɗewa a duniya da ba a taɓa daina ibada a cikinsu ba. Wurin yana da tsawo ƙwarai, shi dutsen ya kai mita 2,285, don haka da hunturu har ƙanƙara kan sauka ta rufe shi, amma duk da haka masu ziyara kan tashi cikin dare su hau don su ga fitowar rana. Ɗakin karatunsa yana da rubuce-rubucen hannu fiye da dubu uku, da yawa daga ciki da Larabci. A 2002 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a cikin ganuwar gidan akwai masallaci da hasumiyarsa, tun farkon ƙarni na goma sha biyu, zamanin daular Faɗimiyya. Larabawan ƙauye da ake kira Jabaliyya, waɗanda Musulmi ne, su ne suka daɗe suna yi wa gidan hidima da gadi. Masu gidan suna kuma ajiye da kwafin wata takarda da suke cewa alkawarin aminci ce daga Manzon Allah. Masana tarihi sun yi saɓani kan ingancinta, amma abin da ba a saɓa a kai ba shi ne, gidan ya shafe kusan shekara dubu ɗaya da ɗari huɗu a tsakiyar ƙasar Musulmi, dauloli sun zo sun wuce, yana nan a tsaye.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a ɗakin kwana. Na farko, wai me ya kai Musulmi wurin ibadar wasu? Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma ban je don in yi ibadarsu ba, ba su kuma nemi in yi ba. Na tafi da addinina na dawo da shi, har ma na fi jin nauyinsa a can, domin na san ana kallon yadda zan yi. Sannan duk wanda ya zauna gaban malami aka biya masa Muwaɗɗa ya san wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da zai tura shi Sham, inda ya umarce shi da ya ƙyale masu zuhudun da suka killace kansu don ibada. Ya kuma san cewa a Suratul Hajji an ambaci ɗakunan masu zuhudu tare da masallatai a jerin wuraren da ba a son a rushe. In magabata sun san waɗannan wurare har suka yi doka a kansu a tsakiyar yaƙi, mu me ya sa ko sunansu ba mu iya fassarawa?

Na biyu ya fi ƙarfi, wato maganar tsaro, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. A Oktoban 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar horar da limaman Katolika da ke Fayit kusa da Kagoma suka sace ɗalibai uku. A Maris 2022 an kai hari a Kagoron da nake magana a kai, aka kashe mutane fiye da talatin. A Oktoban 2023 an shiga gidan zuhudu na Eruku aka sace mutum uku, aka kashe ɗaya. Mu ma a ƙauyukan Kauru ba mu tsira ba, an sace manoma, an tashi garuruwa, ba a tambayar mutum addininsa kafin a nemi kuɗin fansa. Akwai kuma matafiya da aka tare a hanya aka kashe don kawai shigarsu ko harshensu. Saboda haka ba ina cewa kowa ya ɗauki jaka ya faɗa motar haya ba tare da shiri ba. A nemi mai masauki, a tambayi halin da hanya ke ciki, a yi tafiyar rana. Amma a lura da wani abu. Shirun nan da na ji a harabar makarantar, wanda ya sa wurin ya zama abin sha'awa, shi ne kuma ya sa irin waɗannan wurare suka zama abin farauta, domin a gefen gari suke, ba katanga mai tsawo, ba makami. Haka tsangayarmu take, haka masallacin ƙauye yake da asuba. Wanda ya taɓa zama a wuri ya sha ruwansa, in ya ji an kai masa hari ba ya cewa ai nasu ne. Ni dai yanzu in na ji an ambaci Kagoro a labarai, fuskar tsohon nan mai bargo nake gani.

Don haka ga roƙona ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da malamanmu. Kowace shekara in za a fita rangadin ilmi, Daura ake zuwa a ga rijiyar Kusugu, ko Kano a ga Gidan Makama da Dala, ko Sakkwato a ziyarci Hubbare. Duk suna da kyau, ni ma na je na ƙaru. Amma ko sau ɗaya a juya kan motar kudu. A tsaya Wusasa a ga majami'ar nan ta ƙasa da aka gina a 1929 da fasahar maginan Hausa, wadda in ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka soron wani basarake ne. A wuce Kagoro, a leƙa Nok, a tsaya a ruwan Matsirga. A tafi da rikoda da littafin rubutu, a nemi tsofaffin da suka yi karatu da Hausa zalla tun kafin Turanci ya mamaye makarantunsu, domin tsohon da na gaisa da shi ya haura tamanin, kuma irinsa ba su da yawa. A sa tafiyar a cikin hunturu, lokacin da hanya ta bushe, manoma suka huta, tsofaffi ke zaune a hantsi suna neman wanda za su yi wa hira. Wanda ya dace da ranar ɗaya ga Janairu zai tarar da bikin Afan, wanda ni ban tsaya na gani ba saboda alkawarin kwana biyun da na yi wa Inna.

Kuma maganar ba a kanmu kaɗai take ba. Na tambayi abokina ko ya taɓa shiga zauren malami ya ga yadda ake biya karatu, ko ya taɓa leƙa tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na goma sha tara, wanda masana gine-gine ke tasowa daga Turai su zo kallo. Ya ce ko kusa. Shekararsa uku yana wucewa ta Zariya, bai taɓa shiga cikin ganuwa ba, domin an gaya masa tun yana yaro cewa ba a shiga. Na ce masa to bashi ya hau kansa, da ƙaramar salla sai ya zo Kauru ya ci tuwon Inna, in kai shi gaban malaminmu.

Da muka koma makaranta na tambaye shi ko ya shaida wa mutanen gida. Ya ce ya faɗa wa mamarsa tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta dube shi ta ce, "Kauru? Me ka ajiye a Kauru? Ka bari Babanku ya dawo."